Shirin Tafiya Dubai Da Auta



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Kano ya san babu abin da ya fi mana sauƙi irin kai mutum ƙasar waje. Layi biyu ya isa. Ango ya shigo da tikiti a aljihu, amarya ta haɗa akwati, shafi na gaba sai ga su a Dubai suna shan iska a bakin teku. Ni kaina amaren da na kai can da biro sun fi biyar, kuma ba wadda ta taɓa bin layin biza ko jirgi ya yi mata latti. To yau labarin tafiyar gaske na kawo muku, wadda muka yi a Janairun 2025, ni da Maigida da 'yata budurwa 'yar shekara 13 da kuma Autana. Tafiyar ta kwana shida ce, amma shirinta wata biyar ya ci mana. Dalilin da ya sa nake son ba da labarin shi ne, na san akwai iyaye mata da yawa masu ɗa irin nawa da suka riga suka yanke wa kansu hukuncin cewa su da fita sai dai a mafarki.

Auta shekararsa tara a lokacin. Yana da lalurar nan da likitoci ke kira otizim, wadda a kafafen labarai na Hausa za ku ji ana cewa galahanga. Yana ɗan shekara huɗu aka tabbatar mana a wani babban asibiti a nan Kano, bayan mun sha yawo mun sha jin maganganu, wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce sammu ne, wata ma ta ce sangarta ce kawai. Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayanin cewa haka ƙwaƙwalwarsa ta taso, ba laifin uwa ba ne, ba kuma na allurar rigakafi ba. Tun 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya yi bayanin lalurar a rubuce, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta. Kowane yaro da irin tasa. Nawa yana magana amma kaɗan, yana karanta gajerun kalmomi, ba ya son hayaniya, ba ya son a canja masa tsari ba da saninsa ba, kuma in ya ga ruwa ko ƙofa a buɗe, to sai Allah. Abin da ya fi so a duniya shi ne 'yan bulullukan roban nan na Lego. Zai iya wuni yana jera su, kala-kala, kowace a layinta.

Tun wata ƙaramar Sallah da muka kai yara wani wurin wasa a cikin gari muka daina fita da shi. Cunkoso ya yi yawa, kiɗa ta ko'ina, ga layi ba iyaka. Yaro ya toshe kunne ya zube ƙasa yana birgima, mutane suka zagaye mu kamar ana wasan kura, har wata baiwar Allah ta dafa ni ta ce, "Hajiya, ki kai shi wajen malamai tun kafin abin ya yi nisa." Daga ranar, duk Sallah a gida muke yi. Wadda abin ya fi ci kuwa ita ce yayarsa. Shekara huɗu yarinyar nan tana ganin ƙawayenta na fita, ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba. Rannan muna tsince shinkafa ta ce da ni, "Umma, idan Auta ya warke za mu je inda ake hawa lilo?" Ban iya ba ta amsa ba, domin na san wannan lalura ba zazzaɓi ba ce da za a ce an warke. In har jiran warkewa za mu yi, to za ta yi aure ba ta je ba.

Da dare na tari Maigida da maganar. Shi ɗan kasuwa ne a Kwari, ya daɗe yana zuwa Dubai sarin kaya kafin a rufe wa 'yan Nijeriya biza a 2022. A Yulin 2024 aka sanar an buɗe, yana ta shirin komawa. Na ce, "Alhaji, wannan karon da mu za ka tafi, mu duka." Ya dube ni ya ce, "Har da Auta?" Na ce, "Musamman ma Auta." Ya yi shiru, can ya ce in bari ya yi shawara da Hajiya.

Hajiya, mahaifiyarsa, mace ce mai son jikan nan kamar ranta, don haka maganarta ta fi yi mini nauyi. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, yaron da bai san inda aka kai shi ba, me zai ƙaru da shi? Ku bar mini shi ku je ku dawo, kuɗin kujerarsa a saya masa magani." Na durƙusa na ce, "Hajiya, ya sani. Faɗa ne ba ya iya yi." Na tuna mata ranar da aka canja labulen ɗakinta, kowa ya shiga ya fita bai lura ba, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ta yi dariya ta ce, "Ai kuwa an yi haka." Ba ta ce ta yarda ba, amma ta ce Allah ya kai ku lafiya, mu kuwa a gidanmu wannan ya isa izini.

Sai maganar wurin zuwa. Yarinya Disney take so, saboda shi take gani a talbijin. Muka zauna da wayarta, tana karantawa tana fassara mini, tunda ni turancina na sakandare ne. Akwai na Amurka a Orlando wanda aka buɗe a 1971, akwai na Faransa kusa da Paris wanda aka buɗe a 1992. Na Amurkan suna da wani tsari da suka fito da shi a 2013, suka sake masa ƙa'ida a 2024, wanda yaro mai irin lalurar Auta ba sai ya tsaya a layi ba: za a ba shi lokaci, ya je ya huta a wani wuri, in lokacin ya yi ya dawo ya hau. Tsarin ya burge ni ƙwarai. Amma ga nisa, ga wahalar biza, ga sanyin Turai a watan Janairu, ga kuɗi. Dala ta haura naira 1,500 a ƙarshen 2024, alhali a farkon 2023 ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati. Ko dirhamin Dubai, wanda ake canja 3.67 a dala ɗaya, ya wuce naira 400 a lokacin. Adashin shekara biyu na kwasa, na haɗa da abin da littattafai suka ɗan kawo, Maigida ya cika sauran.

Da muka juya kan Dubai sai muka tarar akwai Legoland a can, wanda aka buɗe a 2016 a yankin Jebel Ali, kan hanyar Abu Dhabi, kuma an yi shi ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 12. Gari guda na irin bulullukan da Auta ke kwana da su a hannu! Kusa da shi kuma akwai Motiongate mai manyan lilo irin na 'yan mata da samari. Ga abinci na halal ko'ina, ga masallatai, ga Maigida ya san gari. Wani abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, tun 2017 hukumomin ƙasar suka sauya sunan da suke kiran masu lalura da shi, suka koma cewa Ashabul Himam, wato ma'abota himma. Suna kaɗai ba ya gyara hali, amma na ce garin da ya damu da sunan, wataƙila ya damu da mai sunan.

Lokacin tafiya ma sai da muka auna. Da bazara zafin Dubai yana wuce digiri 40, ba mai kai yaro wasa a wannan rana. Daga Nuwamba zuwa Maris ne gari ke yin daɗi. Ƙarshen Disamba kuwa duniya ce ke taruwa a can, don haka muka zaɓi tsakiyar Janairu bayan yaran can sun koma makaranta. Tun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, sai muka sa ranakun wasanmu Talata da Laraba. Wanda ba ya iya bin layi, maganinsa ya je ranar da babu layi.

Inda muka ɗan ja da Maigida shi ne masauki. Shi Deira ya saba, inda 'yan kasuwarmu ke sauka, ga Hausawa ga tuwo. Na ce masa Deira kasuwa ce, ba ta barci, kuma tana wancan ƙarshen gari, wurin wasan yana wannan ƙarshen. In yaro ya birkice da rana tsaka, ina son a ce cikin ɗan lokaci mun isa ɗaki. A ƙarshe muka kama ɗaki mai kicin a wajen unguwar Ibn Battuta, kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ya riƙa hawa jirgin yana zuwa kasuwarsa. Kicin ɗin dole ne, domin abincin da Auta ke ci bai wuce kala huɗu ba: farar shinkafa da mai, taliya, soyayyen dankali, sai shayi da burodi. Har farantinsa na roba da kofinsa shuɗi na sa a jaka. Wata ƙawata ta yi mini dariya ta ce za ni Dubai da kwanon gida. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan muka koma wajen likitarsa. Ta rubuta mana takarda da Turanci mai bayanin lalurarsa da magungunan da yake sha, da hatimin asibiti. Ta ja mana kunne cewa Daular Larabawa ba ta wasa da maganar ƙwayoyi, akwai magungunan da sai an nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu kafin a shiga da su, kuma kowane magani a bar shi cikin kwalinsa na asali. Ta kuma hana mu gwada masa wani sabon maganin barci a cikin jirgi, ta ce sama ba wurin gwaji ba ne. Ita ce ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce, "Maman Auta, ba marubuciya ba ce ke? To rubuta masa tafiyar tun kafin ya yi ta."

Haka na zauna na rubuta littafi mafi gajarta a rayuwata, shafi 14, mai karatu ɗaya. Kowane shafi hoto ɗaya da layi ɗaya. "Auta zai shiga mota." "Auta zai ga jirgi, jirgi yana da ƙara, Auta zai sa abin kunne." "Wani mutum zai duba jakar Auta, zai dawo masa da ita." "Auta zai zauna kusa da taga." Yayarsa ta nemo hotunan filin jirgin Malam Aminu Kano da na Dubai da ƙofar Legoland a intanet, muka kai aka buga, aka yi masa bango mai leda. Shafin ƙarshe shi ne hoton ƙofar gidanmu, da rubutu: "Auta zai dawo gida." Wannan shafin ya fi dubawa. Kullum bayan sallar isha sai mun karanta, har ya haddace, in na tsallake shafi sai ya kama hannuna ya mayar da ni baya.

Ba mu tsaya a karatu ba, sai da muka yi wasan kwaikwayo. Muka jera kujeru a falo suka zama jirgi. Yayarsa ta zama ma'aikaciyar bincike, ta ɗauki muciya tana shafa masa a jiki, domin taɓa shi ba da sanarwa ba yana cikin abin da ke tayar masa da hankali. Babansa ya sayo abin toshe kunne irin na masu aikin inji, muka fara sa masa minti biyar, goma, har ya kai shi da kansa yake ɗaukowa in an tayar da janareto. Muka riƙa kai shi Gidan Zoo ranar da ba kowa, ya koyi tsayawa a bayan mutum biyu ko uku kafin a shiga. Sannu ba ta hana zuwa. Na ƙara wani shafi a littafin saboda hazon hunturu da ke hana jirage tashi a Kano: "Wani lokaci jirgi yana yin latti. Auta zai jira, zai yi wasa da Lego."

Abin da ya fi hana ni barci shi ne ɓata. Yara masu wannan lalura da yawa suna da saurin sulalewa, kuma ruwa yana jan su, shi ya sa nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke halaka waɗanda suka ɓace. Auta bai iya iyo ba, kuma in ya ɓata ba zai iya faɗin sunan babansa ba. Don haka wurin wasan ruwa da ke jikin Legoland muka soke shi gaba ɗaya, ko a littafin ban sa hotonsa ba. Na sa aka yi masa abin hannu mai lambar waya, da rubutun Turanci da Larabci cewa ba ya magana sosai. Na ɗinka masa riguna uku iri ɗaya, ruwan lemo mai haske, yadda ko daga nesa za a hango shi. Kowace safiya sai an ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa. Muka kuma yi doka tsakanina da babansa: ba a cewa "ai na zaci yana wajenki". Wanda yake riƙe da shi sai ya furta da baki, "Na ba ki shi," ni kuma in ce, "Na karɓa," kamar ana ɗaurin aure.

Akwai kuma wata igiya da ake ratayawa a wuya, koriya mai zanen furanni rawaya. A filin jirgin Gatwick na Ingila aka fara ta a 2016, don ma'aikata su gane mai ita yana da lalurar da ido ba ya gani, kuma filin jirgin Dubai yana cikin masu aiki da ita. Yarinya ta rubuta wa kamfanin jirgi imel ta nemi kujerar taga da izinin mu shiga da wuri, ta rubuta wa wurin wasan ta tambayi abin da suka tanada. Shawarata ga duk mai niyya, ki tambaya da kanki kafin ki biya ko sisi, domin ƙa'idar biza da ta wuraren nan ba ta zama wuri ɗaya, abin da aka yi wa wata bara ba lallai a yi miki bana ba.

Daren da za mu tafi na tara su na ce ga sharaɗi na ƙarshe. In Auta ya yi awa ɗaya ya ce gida, ni da shi za mu koma ɗaki, Alhaji da yarinya su ci gaba da wasansu. Ba wanda zai ce an yi asarar kuɗin tikiti, ba wanda zai ɓata rai. Maigida ya ce, "Ko da minti goma ya yi?" Na ce ko da daga bakin ƙofa ya juya.

To, ya tafiyar ta kasance? Ba zan ce muku lami lafiya ba. Ba mu bi ta Legas ba, jirgin da ke yada zango a hanya muka hau daga Kano, kuma a filin da muka sauka canjin jirgi ne aka yi ta. Na shiga da shi banɗaki, wata mata ta sa hannu a injin busar da hannu, abin ya yi ƙara kamar guguwa, abin kunnen kuwa yana wuyansa. Yaro ya ƙwalla ihu ya zube. Na ja shi wani lungu, na lulluɓe mu da mayafina ni da shi, na rungume shi tsam ban ce uffan ba, domin a irin wannan hali magana ƙara wuta take. Mun fi minti ashirin a haka. Mutane na wucewa suna kallo, amma ba wanda ya tsaya ba ni shawara. Can na ji ya saki jiki, ya laluba jaka ya ciro littafinsa, ya buɗe shafin taga ya nuna mini. Muka tashi muka hau jirgi na biyu.

Ranar farko a Dubai ba mu je ko'ina ba. Agogonsu yana gaban namu da awa uku, muka bar shi ya yi barci ya saba da ɗakin. Ranar Talata da hantsi, ana buɗe ƙofa muna shiga. A tsakiyar wurin akwai wani babban zaure mai rufi da sanyi da suke kira Miniland, inda aka gina manyan gine-gine da bulullukan Lego, har da Masallacin Sheikh Zayed da dogon benen nan Burj Khalifa, wanda na gaskensa mita 828 ne. Nan Auta ya tsaya. Ya ɗaga kai yana bin benen da ido daga ƙasa har sama, yana kaɗa hannuwansa kamar yadda yake yi in daɗi ya kai masa ko'ina. Awa biyu muka yi a zauren nan. Bai hau lilo ko ɗaya ba, ko da aka nuna masa 'yan motocin da yara ke tuƙawa, kai ya girgiza. Yayarsa kuwa ta hau jirgin dodon nan mai gudu kan dogo har sau uku, tun daga nesa nake jiyo ihunta. Washegari babanta ya kai ta Motiongate suka wuni, ni da Auta muka koma zaurenmu, ya sake tsayawa daidai inda ya tsaya jiya. Da yamma muka hau jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, wanda ya fara aiki a 2009, muka je ƙarshen layi muka dawo ba don za mu ko'ina ba.

Wani zai ce an kashe miliyoyi don yaro ya kalli ginin roba. Ni dai ga abin da na gani. Bayan mun dawo da kamar sati biyu, Hajiya ta zo duba mu, ta tarar da shi a tsakar ɗaki ya ɗora bulo kan bulo har ya kusa kai ƙirjinsa, shi da bai taɓa yin gini sama ba sai jeri a ƙasa. Ta ce, "Kai kuma mene ne wannan, maigidana?" Bai dube ta ba, ya ce, "Dubai." Hajiya ta juyo ta kalle ni, ta sa gefen mayafi ta share ido.

A Afrilun 2025 na ji an ba birnin Dubai shaidar zama wurin da ya tanadi karɓar baƙi masu wannan lalura. Na yi musu murna, amma tunanina gida ya dawo. Abubuwan da suka taimake mu ba su fi ƙarfin Kano ba: awa ɗaya da safe ba kiɗa, ɗan ɗaki shiru da uwa za ta shiga da ɗanta, ma'aikacin da aka koya wa kada ya daka wa yaro tsawa. Tun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Nijeriya, saura masu wuraren wasanmu su san cewa ba mai keken guragu kaɗai dokar ke nufi ba.

Ke kuma 'yar uwa mai ɗa irin nawa, ba sai kin je Dubai ba, ba kowa Allah ya hore wa ba, mu ma sau ɗaya muka iya. Amma littafin hoto ba ya cin kuɗi, haka zaɓen ranar da ba cunkoso, haka yarjejeniyar juyowa gida ba tare da ɓacin rai ba. Ki fara da gidan kakarsa, ki bi da Gidan Zoo ranar Talata. Mu yanzu littafi na biyu muke karantawa da daddare, shafi tara ne, sunansa "Auta zai je aski", kuma wallahi wannan tafiyar ta fi ta Dubai ba ni tsoro.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.